Ruwan da Ban Share Ba

Litinin, 7 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Yau Eppo ya rufe ƙofar ɗakin shan gahawa. Shekara tara yana shugabancin ɗakin gwajinmu na asibiti, ban taɓa ganin ya rufe ta ba.

Bai zauna ba. Ya ce a watan jiya an yi wa wata mata aiki, an cire mata kashi biyu cikin uku na tumbinta, saboda gilashin da ya fita daga hannunmu ya nuna ciwon daji. An kawo mana tumbin da aka cire, an yayyanka shi gida sittin, an duba ɗaya bayan ɗaya a madubin likita. Babu komai. Lafiyayyen tumbi, sai ɗan kumburi irin wanda kowa ke yawo da shi. Dokta Brouwer, wadda ta karanta gilashin farko, ta koma ta ɗauko shi, sai ta ga ashe ƙwayoyin dajin ba a jikin naman matar suke ba. Wani ɗan ɓarɓashi ne a gefe, shi kaɗai.

Duk wanda ke ɗakin ya gane. Aikinmu ba shi da wani sirri. A kawo maka gutsuren naman mutum a daskare cikin kakin kyandir, ka feƙe shi a inji ya yi fale-fale har ya fi ɓawon albasa, ka shimfiɗa a kan ruwan ɗumi ya miƙe, ka kwashe da gilashi, a rina, likita ya duba. Kafin ka ɗauki naman wani mutum, sai ka ja takardar tishu a kan ruwan ka share shi. In ba ka share ba, ɓarɓashin wancan yana iya hawa gilashin wannan. Ranar farko ake koya wa mutum haka.

Kowane gilashi yana ɗauke da harufan sunan wanda ya yanka, da fensir. Eppo bai faɗi suna ba. Tineke ce ta tambaya, wadda teburinta ke manne da nawa.

"Harufan wa?"

"Ba farautar mutum muke yi ba, Tineke."

"Eppo, shekarata sittin da uku, kada ka lallashe ni. Harufan wa?"

"T.H."

"Wace rana?"

"Ashirin ga Satumba."

Kowa ya zuba ido cikin kofinsa. Ni ma.

Da Hausa nake rubuta wannan, don kaf garin nan babu mai iya karantawa.

Talata, 8 ga Nuwamba, hutun rana

Na yanka dunƙulen nama arba'in da ɗaya tun safe. Na share ruwan sau arba'in da ɗaya. Wani lokacin sau biyu.

Laraba, 9 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na yamma

Bari in rubuta abin da mu biyu kaɗai muka sani.

Tun watan Afrilu hannun Tineke na dama ya fara rawa. Ba sosai ba. In ta riƙe kofi ba za ka lura ba, amma naman da bai kai ƙwayar gero ba, ba ya yafe rawar hannu. Saura mata wata goma sha huɗu ta yi ritaya, kuma ta rantse ba za ta ƙarasa su a gida tana kallon mijinta yana gyaran keke ba. Sai muka shirya. Ita ke rubuta gilasanta da safe, lamba da harufa. Manyan nama ta yanka da kanta. Ƙananan, in ranar hannun ya ƙi, sai ta turo min tiren da gwiwar hannu, in zauna a injinta in yanka, ita ta zauna a nawa kamar tana gyara wuƙa. Ba kullum ba. Wata rana ta yanka duka, wata rana rabi.

Ba alheri na yi mata ba, ramawa na yi. Shekara goma sha tara da suka wuce, lokacin da na shigo ɗakin nan da takardun karatun da aka ce ba a san su a nan ba, ita ce ta ja kujera ta ce, "Zauna nan, maƙwabci, mu ga hannun." Tun daga ranar ba ta kira ni da wani suna ba.

Yau ta tare ni a rumfar kekuna, ana yayyafi, tana fama da makullin kekenta.

"Maƙwabci, ranar nan. Kai ka yanka ƙananan ko ni?"

Na sunkuya na buɗe mata makullin.

"Na yi ta juya kaina, wallahi ranar ta ɓace min," in ji ta. "Satumba duk ta zama rana ɗaya. Kai ka fi ni ƙwaƙwalwa."

Na ce, "Ban tuna ba."

Ta dafa kafaɗata ta ce ba komai, kada in sa abin a raina.

Alhamis, 10 ga Nuwamba, bayan sallar asuba

Na tuna.

Alhamis ɗin, ƙarfe shida da rabi na yamma

Ashirin ga Satumba ranar haihuwar Eppo ce. Ya cika hamsin, ya kawo kek ɗin tuffa guda biyu. A ɗakinmu mai ranar haihuwa ba ya sa wuƙa a kek sai kowa ya zauna, kuma ƙarfe goma ƙarfe goma ce. Shekara ashirin da shida ina ƙasar nan, har yau ban gane mutanen da za su yafe maka zagin addininsu amma ba za su yafe maka lattin minti uku a kan kek ba.

Ina zaune a injin Tineke, saura dunƙule biyu a tire. Ita ta riga ta tafi jera kofuna. Eppo ya leƙo sau biyu.

"Jaap! Gahawa tana hucewa, mutum goma sha ɗaya suna jiran sarki!"

Jaap yake ce min. Jafaru ya yi masa tsawo, harafi shida.

Na ce ina zuwa. Na yanka na farko, na kwashe. Na yanka na biyu, na kwashe. Tishun yana nan a hannun hagu inda yake kullum. Na gan shi. Na ce a raina ruwan fes yake, na duba da ido.

Na ci kek yanka biyu. Na rera masa waƙar ma, tare da kowa.

Asabar, 12 ga Nuwamba, da hantsi

Ban je kasuwa ba. Burodi da cuku.

Litinin, 14 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Sakamakon gwajin da aka yi wa ɓarɓashin ya fito. Ɓarɓashin na namiji ne. Na wani dattijo mai shekara saba'in da tara, lambarsa tana gaba da ta matar. Shi dai ciwonsa na gaskiya ne, an san da shi, yana shan magani.

An ɗauke Tineke daga kan inji har kwamiti ya gama bincike. Yanzu ita ke jera tsofaffin gilasai a ma'ajiyar ƙasa, inda babu taga. Da ta hauro shan gahawa sai ta ce wa kowa, "Ku gaishe da sabuwar shugabar kabari." Aka yi dariyar dole.

Ga abin da nake gaya wa kaina a kan keke, safe da yamma. In ita ce, za a ce tsufa ne, a tausaya, a saya mata furanni. In ni ne, za a ce ai dama. Sau biyu ana neman shugaban ɗakin nan, sau biyu ana tsallake ni, na biyun ma da Eppo, wanda ni na koya wa riƙe burushin ɗaukar nama. Ba ni da wani abu a ƙasar nan sai wannan hannun. Matata ta tafi, 'yata tana Rotterdam tana kira ranar da ta ga dama. Abin da ya rage min shi ne in likita ya samu nama mai wuya ya ce a ba Jafaru.

Amma in zan yi adalci, babu wanda ya taɓa ce min "ai dama" a ɗakin nan. Mutum ɗaya ya taɓa faɗin irin wannan, tun shekarar da na zo, kuma ya daɗe da mutuwa. Eppo ya fi ni iya zama da mutane, shi ya sa aka ba shi. Na sani. Ina dai neman inda zan raɓe ne.

Laraba, 16 ga Nuwamba, hutun rana

Dokta Brouwer ta kira ni ofishinta. Na hau matakalar ina zaton asirina ya tonu.

Ashe shawara take so. Ta zaunar da ni a madubin nan mai kai biyu, ita a nata gefen ni a nawa, ta sa gilashin.

Ga naman matar, ruwan hoda, ƙwayoyin a jere kamar an yi musu layi, kowace da ɗan idonta shunayya a ƙasa. Ta matsa gefe kaɗan. Ga shi nan. Bai kai kan allura ba. Ƙwayoyi a cunkushe, manyan idanu baƙaƙe, babu tsari. Tsakaninsa da naman matar fili ne fari tas.

"Da na tsaya a kan wannan filin," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Na gan shi, Jafaru. Na ce ɓallewa ya yi wurin yanka. Nawa laifin na rubuta wa kwamiti tun makon jiya, shafi biyu."

Ta mayar da gilashin kan naman matar.

"Abin haushin, dubi yankan. Babu naɗi, babu tsaga, kauri ɗaya daga farko har ƙarshe. Ban san hannun Tineke yana iya wannan har yanzu ba."

Da ta zare gilashin na gan shi a hasken taga. Yanka uku a jere, duk sun ɗan karkata hagu. Haka bahago ke kwasa. Bahago ɗaya ne a ɗakinmu. Likitoci ta cikin madubi suke kallo, ba sa kallon gilashi a hannu.

Abin da ya sa na buɗe littafin nan da rana tsaka ba wannan ba ne. Lokacin da ta yabi yankan, na ji daɗi. Ɗan lokaci kaɗan, amma na ji.

Alhamis, 17 ga Nuwamba, da yamma

Ruwa. Iska ta karya min lema a kan gada.

Juma'a, 18 ga Nuwamba, ƙarfe biyar da rabi

Eppo ya tara kowa a gaban teburina da ƙarfe tara.

"Jaap zai nuna mana yadda ake share ruwa. E, na sani, duk kun iya. Ku kalla duk da haka. Shekara goma sha tara ba a taɓa kama shi da ɓarɓashi ba."

Wani daga baya ya ce, "A ɗauke shi hoto a manna a bango." Wata ta ce, "A'a, a bar mu mu ci abinci lafiya."

Na ninke tishun, na ɗora a bakin kwanon, na ja zuwa ɗaya bakin, na jefar. Na yi bayani. Muryata ba ta ko girgiza ba. Na ce kada mutum ya yarda da idonsa, ido ba ya ganin abin da ke kashe mutum. Ni na faɗi haka, da bakina. Tineke tana tsaye a bakin ƙofa da akwatin gilasai a ƙirjinta, tana gyaɗa kai kamar ɗaliba.

Na je masallaci, na zauna a sahun ƙarshe. Ban ji abin da liman ya ce ba.

Lahadi, 20 ga Nuwamba, ƙarfe takwas na yamma

Tineke da mijinta sun gayyace ni cin abinci. Na so in ƙi, na rasa dalilin da zan bayar.

Sietse, mijin Tineke, ya kirɓa dankali da ganye kamar kullum, ya saya min tsiren naman sa daga shagon Baturke. Ya ɗora a gabana ya ce, "Ga naka, Alhaji, an yi masa addu'a, an ba shi haƙuri, an yanka." Shekara goma sha tara yana wannan barkwancin, ni kuma ina ce masa nasa tsiren ko haƙurin ba a ba shi ba. Yau na manta ban rama ba, har ya dube ni.

Tineke ta yi rami a tsakiyar dankalinta, ta zuba romo, ta zauna tana kallo.

Da ta shiga kicin Sietse ya rage murya. "Ba ta barci, Jafaru. Kwana goma sha uku. Kilo huɗu ta zubar. Na ce mata ke ba Allah ba ce, ta ce matar ma ba akuya ba ce."

Ta dawo da gahawa ta faɗa min da kanta. Matar ta nemi a haɗa ta da wanda ya yi kuskuren. Asibiti sun ce ba dole ba ne, ana iya tura likita kawai. Tineke ta ce za ta je. Juma'a, biyu ga Disamba, ƙarfe biyu.

"Direbar bas ce," in ji ta. "Shekararta arba'in da uku. Yara biyu."

Ban so in san wannan ba. Lamba ta fi sauƙin ɗauka.

A bakin ƙofa, ina saka riga, ta kama hannuna. "Maganar shirinmu, kada ka kuskura ka faɗa wa kwamiti. Ba za ta gyara komai ba, sai dai ta ja ka ciki a banza. Harufana ne, ruwana ne. Ni na kusa fita, kai da sauranka."

Na ce to.

Ka ga yanzu ita ce ta hana ni. Haka na yi ta faɗa wa kaina har na iso gida.

Talata, 22 ga Nuwamba, da safe

Ita ce ta hana ni.

Laraba, 23 ga Nuwamba, da yamma

Abin da ta hana ni daban, abin da na ɓoye daban.

Juma'a, 25 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai

Yaya Habu ya bugo daga Gumel. Gero ya yi kyau, rufin ɗakin Inna ya fara zuba tun da babu mai kwana ciki. Ya ce, "Dokta, yaushe za mu gan ka? Ko sai an kawo mana kai a akwati?" Dokta suke ce min can. Na gaji da gyara musu tun shekaru.

Ya ce muryata wani iri. Na ce mura ce.

Da na gaya masa ma, da cewa zai yi ƙaddara ce, kwanan tumbin ne ya ƙare. Ina son Yaya Habu, amma ba wannan nake bukatar ji ba, don zan karɓa.

Litinin, 28 ga Nuwamba, hutun rana

Bas ta wuce ni a mararraba, mace ke tuƙi. Na san ba matar da aka yi wa aikin ba ce, ita tana gida. Duk da haka sai da na sauka daga kan keke na tura shi har asibiti.

Talata, 29 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na yamma

Da azahar Tineke ta ce in sauko ma'ajiya in taya ta ɗaga akwati. Babu wani akwati. Ta zaro takarda daga aljihun farar rigarta, ta ninku har ta yi laushi.

"Saurara ka gaya min ko ya yi. Sietse ya ce ya yi tsawo, amma shi ko katin gaisuwa tsawo yake masa."

Ta sa tabarau. Takardar tana rawa a hannunta, ta riƙe da hannu biyu.

"Uwargida Dijkema, sunana Tineke Hoekstra. Shekara arba'in da ɗaya ina wannan aikin. Ban zo in kare kaina ba. Na zo ne ki ga fuskar wadda ta yi miki wannan, don kina da haƙƙin gani. Hannuna ne ya..."

Na ce, "Ba hannunki ba ne."

"Bari in gama mana."

"Maƙwabciya, ni na yanka. Duka biyun. Kina can kina jera kofuna. Eppo yana kira, ban share ruwan ba."

Ta cire tabarau. Ta daɗe tana kallona. Sai na ga kafaɗunta sun sauka, ta jingina da kantar gilasai, ta fitar da numfashi mai tsawo, har na zaci faɗuwa za ta yi. Sannan fuskarta ta canza.

"Yaushe ka tuna?"

Da na ce jiya, da ta yarda. Na ga tana so in ce jiya.

"Tun da Eppo ya faɗi ranar."

"A rumfar kekuna fa?"

"Na sani a lokacin."

Ta ƙirga a yatsunta, a hankali, kamar mai lissafin ranar haihuwar jika. "Kwana ashirin da biyu."

Na fara cewa wani abu game da tsoro. Ta ɗaga hannu.

"Kai wawa ne, Jafaru. Da ka gaya min a ranar, ka san abin da zan ce? Cewa zan yi rufe bakinka. Da na je wurin matar nan da ƙafata, na ɗaukar maka, ina sane, in dawo in yi barcina. Da na yi maka wannan, ko tambaya ba sai ka yi ba. Amma ka zauna a teburina, ka ci dankalina, kana kallona ina zaton ni na yanke wa mata ciki."

 

Ta ninke takardar ta mayar aljihu. "Yanzu kam ba zan ɗauka ba. Hau ka gaya wa Eppo. Ka haɗa da hannuna, kada ka rage komai, na gaji da ɓoye shi. Wuce, ina da aiki."

Laraba, 30 ga Nuwamba, ƙarfe shida

Na faɗa, Eppo da Dokta Brouwer suna zaune. Bai kai minti biyar ba. Abin da na yi mako uku ina ɗauke da shi, bai kai minti biyar ba.

Dokta Brouwer ta aika aka kawo gilashin, ta ɗaga shi a taga, ta dube shi, ta dubi hannuna na hagu, ta ajiye. Na fi son da ta yi faɗa.

Eppo ya yi jawur. "Na tsayar da kai gaban mutane kana koya musu. Ka bar ni na yi wannan?"

"Na bar ka."

Ya yi ta zagaya ofis. Can ya tsaya. "Ni na yi ta kiranka ranar, ko? Sau nawa?"

"Sau biyu. Amma ba kiranka ba ne, Eppo. Ka kira ni sau ɗari a shekarun nan, ina sharewa kafin in taso."

An ɗauke ni daga inji daga yau. Abin da zai biyo baya sai kwamiti ya zauna a Janairu. Tineke za ta ga likitan ma'aikata ranar Litinin, kowa ya san abin da hakan ke nufi, wata goma sha huɗun nan ba za ta yi su ba. Yau ba ta zo ba.

Na ce ni zan je ranar Juma'a. Eppo ya ce sai an tambayi matar.

Alhamis, 1 ga Disamba, da rana

Ta ce ko wane ne, ya zo.

Juma'a, 2 ga Disamba, ƙarfe bakwai na yamma

Ƙaramin ɗaki a hawa na uku, tebur, tulun ruwa. Dokta Brouwer ta riga ta yi nata bayanin kafin a shigo da ni. Uwargida Dijkema doguwa ce, rigar sanyinta ta yi mata yawa a kafaɗa. Mijinta yana gefe ya harɗe hannu, bai dube ni ba ko sau ɗaya.

"An ce min mace ce," in ji ta.

"Ni ne. Harufanta ne a gilashin, amma ni na yanka."

"Me ya sa sai yanzu?"

Na gaya mata. Duka, har da kwana ashirin da biyun. Ban shirya takarda ba, don haka ya fito a hargitse. Ana cikin haka agogon hannunta ya yi ƙara. Ta buɗe jaka ta ɗauko ɗan kwano, ta ce in ci gaba, dole ta ci wani abu duk bayan awa biyu. Cokali huɗu na madara mai kauri. Ta ci a hankali, ina magana, ina kallon kowane cokali.

Da na gama ta ce, "Nuna min."

Ban gane ba.

"Sharewar. Kowa sai faɗa min yake ba a share ba, ba a share ba. Ina so in gani."

Na zari tishu daga kwalin da ke kan tebur, na ninke, na ja daga wannan gefe zuwa wancan.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Mijin ya yi wata ƙara a maƙogwaro ya tashi ya tsaya a taga. Ita ba ta motsa ba. Na ce ina neman gafararta. Ta rufe kwanonta ta mayar jaka.

"Ban zo da ita ba yau. Ban sani ba ko zan samu. Ni dai na so in ga ko mutum ne, ko kuwa wani inji za a nuna min." Ta miƙe, ta tsaya. "Ita matar, abokiyar aikinka. Duk kwanakin nan tana zaton ita ce?"

"E."

"Na san yadda ake kwana da abin da babu shi a jikinka. Mako biyar na yi ina zaton mutuwa zan yi. Je ka same ta."

Daga asibiti na wuce unguwarsu. Ƙarfe biyar saura kaɗan, duhu ya fara. Sietse ya buɗe ƙofa, bai matsa min hanya ba, bai yi barkwanci ba.

"Ta ce ba yau ba."

Na ce na gane. Na juya.

"Tsaya. Ta ce in ka zo in tambaye ka abu ɗaya. Yaya matar take?"

Na ce ta rame, amma da ƙafarta ta zo, kuma bakinta da ƙarfi. Na ce ta tambayi Tineke.

Ya shiga ya bar ni a kan dakali. Na ji muryoyinsu ƙasa-ƙasa, ban ji abin da suke cewa ba. Ya daɗe kafin ya dawo.

"Ta ji. Ta hau sama, wai za ta kwanta." Ya dubi agogo, ya dube ni. "Kada ka buga waya, kada ka danna ƙararrawa. In ta tashi ta neme ka, zan gaya maka. In ba ta neme ka ba, to."

Na ce to.

Ya rufe ƙofar a hankali, don kada ta yi ƙara.